Waƙar da ta ƙi barin jadawalin Ingila, da kwalin kaset ɗin Baba

A watan jiya wani abokin aikina Bature ya gayyace ni bikin aurensa a wani ƙauye kusa da Leeds. Wurin tsohon rumbun gona ne na dutse da aka gyara, an zagaye azarar rufin da ƙananan fitilu, tebura sun sha farin ƙyalle, kowa da katin sunansa a gaban kujerarsa. Aka ci abinci a natse, aka yi jawabai, babu maroƙi babu liƙi. Can wajen sha ɗaya na dare mai sa kiɗa ya saki wata waƙa. Sautin jita kawai aka ji, ɗakin ya kaure da ihu. Kakar amarya ta jingine sandarta, samari suka dafa kafaɗun juna, mata suka tuɓe takalma, kowa na rerawa baiti bayan baiti, ba mai tuntuɓe.

Na tambayi wanda ke kusa da ni, ya ce "Mr. Brightside" ce ta The Killers. Bai tsaya nan ba, ya zaro waya ya buɗe mini shafin hukumar da ke lissafin jadawalin waƙoƙin Birtaniya. Tarihinta na nan mako-mako, kamar rajistar makaranta. Mawaƙan 'yan Las Vegas ne a Amurka, amma wani ƙaramin kamfanin Ingila, Lizard King, shi ya fara fitar da ita a Satumban 2003, faifai 500 kacal, ta wuce ba a ji ɗuriyarta ba. Da aka sake sakinta a Mayun 2004 ta kai ta 10. A Amurka ma ta 10 ta tsaya a 2005. Ba ta taɓa zama ta ɗaya ba, amma tun da aka fara ƙirga sauraro ta intanet a 2014 sai dawowa take yi, har ta haura mako 400 cikin waƙoƙi 100 na sama, abin da babu wata waƙa da ta yi. Kuma waƙar kishi ce fa, ta saurayin da ya kama budurwarsa da wani. Ita ake rufe biki da ita.

Sai ya juyo ya ce, "Ku fa, babban mawaƙinku, waƙarsa ta nawa ta kai? Wace shekara ta fito?"

Tambayar nan ta sosa mini rai. Na ce masa Shata, na ce ya rasu a 1999, na ce Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Daga nan bakina ya mutu. Ni da na tashi da Bakandamiya a kunne, na kasa faɗin shekarar da aka naɗe ta. Mutanen nan tun 1952 suke rubuta wace waƙa ce ke gaba kowane mako. Mu kuwa mutum ya shafe fiye da shekara hamsin a gaban kalangu, har yau a tara masana goma a tambaye su adadin waƙoƙinsa, amsa goma za a samu.

Na san abin da za a ce, kuma ni ma na faɗa wa kaina a hanyar komawa gida. Waƙarmu ba don shago aka yi ta ba. A filin wasa ake haihuwarta, gobe a ƙara mata baiti saboda wani ya yi kyautar mota, to wace rana za ka kira ranar fitowarta? Jadawalinmu shi ne katin zaɓi-sonka a rediyo, da abin da direbobi ke sawa daga Kano zuwa Funtuwa. Kuma wallahi ihun da na ji a rumbun nan bai kama ƙafar abin da ke faruwa ba idan 'yan amshi suka ɗauka a tsakiyar taro. Duk gaskiya ne. Amma lissafin da suke yi bai rage wa tsohuwar nan daɗin waƙarta ba ko kaɗan. Sun samu daɗin, sun kuma samu tarihin. Yau waƙa sai dai a tura maka a waya a bakin kasuwa, sunan fayil ɗin ma ba daidai ba, balle shekara.

Washegari na kira yayana a gida. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, kwalin kaset ɗin Baba fa, wanda ke ƙarƙashin gadonsa?" Baba, Allah ya jiƙansa, duk kaset ɗin da ya saya sai ya rubuta kwanan wata da garin da ya saye shi a bayansa da jan biro. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce damina biyu da suka wuce ruwa ya shiga ɗakin, aka kwashe komai aka zubar. Na ce ko guda bai tsira ba? Ya ce zai duba wajen Inna, kamar ta ajiye biyu ko uku a cikin adakarta. Na roƙe shi idan ya same su kada ya bari yara su taɓa, ya ɗauko mini hoton rubutun tukuna.