Sarautar Filandas ta hanyar 'ya'ya mata ta riƙa sauya gida

Wani labari ya ce yaƙi ne ya riƙa sauya gidan sarautar Filandas, tsohuwar ƙasa a Turai wadda yawancinta ke cikin Beljiyam ta yau, ni kuwa ban yarda ba, aure ne ya yi yawancin aikin. A 1119 Baldwin na 7 ya rasu babu ɗa, sai Charles ya hau, wanda ubansa sarkin Denmak ne, ta wajen uwarsa ya samu gadon. Da aka kashe Charles cikin coci a birnin Buruj a 1127 ne aka yi rikici na gaske: sarkin Faransa ya ɗora William Clito, garuruwa suka juya masa baya, ya mutu a 1128, Thierry na Alsas ya karɓa, shi ma jikan gidan ne ta uwa. Daga nan fa? Sarautar ta koma gidan Dampierre, ta auren Margaret ta 2. Sai gidan Burgundi a 1384, saboda auren Margaret ta 3 da Philip na Burgundi tun 1369. Sai gidan Habsburg, ta auren Mary ta Burgundi da Maximilian na Habsburg a 1477. Duk mai cewa mace ba ta gadon sarauta a Turai, dokar gadon sarautar Faransa yake nufi. In ba haka ba, yaya Joan ta riƙe Filandas daga 1205 zuwa 1244?