Unguwar 'yan Suwidin da 'yan Suwidin suka bari

Wata ƙawata da ke shirin tasowa Shikago da iyalinta ta tambaye ni jiya, wai unguwarmu ta yi wa mai yara? Na ce mata ta yi. Amma tun da na ajiye wayar maganar ke cina, don amsar ta fi ƙarfin "ta yi".

Shekarata shida ke nan a Andersonville, can arewacin birni, inda titin Clark ya haɗu da Foster. Kana ɗaga kai za ka hango tankin ruwa a saman bene, an shafe shi da shuɗi da ratsin ruwan ɗorawa, tutar Suwidin ke nan. Ranar da muka tare na zaci duk wanda zan yi karo da shi mutumin can ne. Ina! Wanda nake sayen gurasa da zaitun a wurinsa Balarabe ne, maƙwabciyata ta sama 'yar Habasha ce, ga 'yan Meziko, ga mu. Masu unguwar sun daɗe da tafiya.

Yunwa ce ta koro kakanninsu. An yi mummunar yunwa a Suwidin daga 1867 zuwa 1869, kuma kafin guguwar ƙaurar ta lafa sama da mutum miliyan ɗaya sun tsallako Amurka. Wajen 1900, in ka cire Sitokholm, babban birnin Suwidin, babu birnin da ya kai Shikago tara 'yan Suwidin a duniya. Bayan babbar gobarar 1871 aka hana gina gidan katako a tsakiyar gari, talakan da ba shi da kuɗin bulo ya gangaro nan, lokacin gonaki ne. Da yawansu kafintoci ne da magina, suka kafa coci-coci da asibiti da makaranta. Duk wanda ya san yadda kakanninmu fatake suka kafa zango a Kumasi ko Sabo a Ibadan ba zai ga baƙon abu a nan ba: baƙo ya sauka wurin ɗan garinsu, a nema masa ɗaki, a nema masa abin yi.

Da 'ya'yansu suka samu wadata bayan yaƙin duniya na biyu, sai suka watse zuwa unguwannin bayan gari. Waɗanda suka rage ne suka buɗe gidan tarihi a 1976, har Sarkin Suwidin Carl Gustaf ya zo da kansa. Tankin nan kuwa, sanyin hunturu ya lalata shi, aka sauke shi a 2014. Mutanen unguwa suka yi karo-karo, a 2017 aka ɗora sabo mai kama da shi sak, sai dai ko ɗigon ruwa babu a ciki. A shekarar ce kuma Swedish Bakery, gidan burodin da ya shekara 88 yana ciyar da unguwa, ya rufe ƙofa. Ni dai ban iya raba waɗannan biyun a raina ba. Abin kallo ya dawo, abin ci ya tafi.

To amma zaman da daɗi, kada in yi butulci. Gidaje ne na jan bulo, hawa biyu ko uku, bishiyoyi sun yi wa layi rumfa. Ba sai da mota ba: a ƙafa nake kai yara makaranta, a ƙafa muke zuwa bakin tafkin Mishigan da bazara, in cikin gari za ni in hau bas mai lamba 22. Yawancin kantunan Clark ƙanana ne, mai shi na ciki, ya san fuskarka. Ran da ƙaramina ya yar da safar hannunsa a cikin ƙanƙara, washegari na tarar wani ya soke ta a kan shingen ƙofarmu. A watan Yuni ana rufe titi a yi bikin tsakiyar bazara, a kafa doguwar sanda da ganye da furanni, manya da yara su kewaye ta suna tsalle kamar kwaɗi. 'Yata ba ta yarda a wuce da ita.

Sai dai haya ta yi tashin gwauron zabi. Sau uku mai gidanmu yana ƙara mana, kuma iyalai biyu a layinmu sun kwashe kayansu saboda haka. Naman halal sai na hau zuwa titin Devon. Dunƙulen naman 'yan Suwidin ɗin da ake ta yabo, ki tambaya kafin ki kai baki, galibi da alade a ciki. Hunturu kuwa, Allah dai ya ba da haƙuri.

Abin da ya hana ni barci daban ne. A saman gidan tarihin akwai sashen yara, an yi bukkar manomi irin ta can, da jirgin ruwa, da gidan gungume irin wanda baƙi suka fara ginawa a Amurka. Yara su sa tufafin da, su ɗauki akwati, su yi wasan ƙaura. Nawa suna son wurin kamar me. Ni kuma ina tsaye ina kallonsu suna wasa da abin da ni na yi da gaske, da hawaye, a filin jirgin Kano.

Akwai wata dattijuwa a layinmu, ta haura tamanin, a unguwar aka haife ta. Yarana na ce mata kaka, ita kuma tana ba su biskit mai citta a watan Disamba. Na taɓa tambayarta ko tana jin yaren. Ta yi dariya ta ce abin da ya rage mata bai cika tafin hannu ba: "tack", wato na gode, da "mormor", kakar wajen uwa, da "farmor", kakar wajen uba, sai addu'ar kwanciya da ta haddace ba ta san rabin ma'anarta ba. Ta ce iyayenta da gangan suka daina yi musu yaren, don kada a yi musu dariya a makaranta. Mutanen da suka cika birni, da cocinsu da jaridunsu, jika uku kacal harshe ya zama kayan ajiya a bayan gilashi. Mu da ba mu cika layi ɗaya ba fa?

Saboda haka, ƙawata, ki zo, unguwa ta yi. Amma ki zo da shirin yin Hausa a gida ko da za su amsa miki da Turanci. Daren jiya na kira Hajiya a bidiyo, na miƙa wa babban ɗana wayar. Ta ce, "Maigidana, ina wuni, ya makaranta?" Ya ce, "Lafiya lau." Ta ci gaba da zuba masa zance, har da tsokanar wai ya ƙi aiko mata kuɗin cefane. Yaro ya yi murmushi, ya juyo ya kalle ni in fassara masa.