Ni da albasar Victoria Island

Tun ranar Asabar 'yan layinmu a kasuwar Mile 12 da ke Legas suke ce mini Farfesa. Gara in ba da labarin da bakina kafin Mai Tumatur ya gama zuba masa gishiri.

Ɗan yayata, wanda ke karatun zane a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, shi ya ja ni. Wai ana buɗe baje kolin zane-zane a wani gida a Victoria Island, shiga kyauta. Na ciro farar shaddata ta Sallah. Mai Tumatur ya ji za a raba lemo, ya liƙe mana.

A gosulon gadar Third Mainland yaron ya buɗe mini makaranta. "Kawu, zanen zamani ba hoton fasfo ba ne. Ba a cewa mene ne wannan, sai dai me yake nufi." Ya ba ni labarin Tutu, zanen wata gimbiyar Ife da Ben Enwonwu ya yi, wanda aka tsinta a wani gida a Landan, aka sayar da shi fam miliyan 1.2 a 2018. Na fara lissafa kuɗin da buhu, kaina ya ɗau zafi, na bari. Ya kawo Yusuf Grillo da shuɗin fentinsa, ya ce a Zariya suka yi karatu da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, a 1958 suka kafa ƙungiya suka ce sai an gauraya koyarwar Turawa da fasahar gida. Da na ji Zariya sai na gyara zaman hula. Ashe ma abin namu ne.

Muka shiga. Tabarau na baro shi a aljihun rigar kasuwa, don haka 'yar takardar da ake mannawa gefen kowane zane, mai ɗauke da sunansa, ba na ganin komai a kanta sai tururuwa. Na tsaya gaban wani ƙato, ya fi ƙofar shago faɗi. Dunƙule-dunƙule ne cunkushe, ja-ja, wasu ruwan hoda mai duhu, wasu ruwan ƙasa, an ja musu siraran layuka kamar raga. Na goya hannu a baya yadda na ga wani tsoho yana yi. Shadda kuwa ta yi aikinta, an ɗauka Alhajin da zai saya ne. Mutum biyar suka matso, har da wata Baturiya.

Nan shaiɗan ya buɗe mini baki. Da Turancina na kasuwa, rabi buroka, na ce waɗannan kawunan 'yan gudun hijira ne, an matse su wuri guda. Ragar nan kurkuku ce. Jan nan ciwo ne wanda bai warke ba. Baturiya ta gyaɗa kai, har tana rubutawa a waya. Ai sai na ƙara wuta. Na hango wani ɗan jan ɗigo manne a bango gefen takardar, na nuna shi da yatsa, na sassauta murya, na ce wannan shi ne ɗigon jinin da ya tsere daga cikin zanen, domin baƙin ciki ba ya zama inda aka ajiye shi. Wallahi ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Na yi shiru don maganar ta ratsa su.

Sai na ji murya a bayana, da Hausa tas, irin ta Kano: "Sannu Baba. Albasa ce."

Na juya. Yarinya ce Bayarabiya, haihuwar Sabon Gari, ita ta yi zanen. Ta ce makonni ta yi tana hawa gadar masu ƙafa ta Mile 12 da asuba, tana kallon buhunan da ake saukewa daga tirelolin Aliero, garin albasa na Jihar Kebbi. Ragar nan ita ce wadda ake ɗinke bakin buhu da ita. Ragar da nake farkewa da wuƙa kullum, shekara 16! Jan ɗigon kuwa, ta ce, alama ce cewa an riga an sayi zanen. Kwali guda suke da shi a kan tebur.

Ita dai 'yar albarka ce. Ta ce ban yi nisa sosai ba, don lokacin da take zanen tana tunanin mutanen da ke biyo kayan kwana da kwanaki, su kwanta a kan buhu. Har ta tambaye ni sana'ata. Kafin in haɗiye yawu Mai Tumatur ya amsa mata daga can, da samosa a baki: "Dillalin albasa ne!" Ya kuma fassara wa Baturiyar, shi da ko farashi ba ya iya faɗa da Turanci sai da yatsu.

Mutumin nan fa kuɗin buhu biyu nake binsa tun azumin bara. Tun da muka shiga bai ɗaga ido ya kalli bango ba, mai tire yake bi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na ƙirga masa samosa bakwai, ban da biyun da ya naɗe a hankici. Amma yanzu shi ke zagaya kasuwa yana cewa tun daga bakin ƙofa ya gane, wai har ƙamshinta ya ji. Ƙamshin fenti? Jiya ya tsaya gaban rumfata, ya goya hannu a baya, ya ƙura wa buhu ido, ya ce wa yarana su yi shiru, yana sauraron baƙin cikinta.

Ɗan yayata bai ce mini uffan ba har muka kai Ketu, nan ma cewa ya yi in miƙo canji. Kuɗin motar dawowa ni na biya, har da na Mai Tumatur, wai ba shi da ƙananan kuɗi.