Crass: tawayen da aka buga a bangon faifai

A shekarar 1977 mawaƙan The Clash, masu kiran matasan Ingila su tashi su yi bore, suka sa hannu a kwangila da kamfanin CBS a kan fam 100,000. Sex Pistols kuwa, da suka fi kowa yi wa Sarauniya rashin kunya, cikin 'yan watanni sun ratsa kamfanonin faifai na EMI da A&M sun yada zango a Virgin. Kiɗan punk, salon kiɗa mai kaushi da bore da waɗannan ƙungiyoyi ke yi, ya fito ne da iƙirarin cewa kowane yaro mai jita da haushi a zuci zai iya, ba sai ya roƙi izinin kowa ba. Kafin ya cika shekara biyu manyan kamfanoni sun saye shi sun jera a kanti.

A shekarar 1977 ɗin aka kafa ƙungiyar mawaƙan punk mai suna Crass, kuma a ganina su kaɗai ne cikin manyan sunayen zamanin suka ɗauki iƙirarin da gaske. Ana yawan tuna su da ihu da baƙaƙen kaya da zagin gwamnati. Ni abin da na fi ganin nauyinsa shi ne yadda suka riƙe ragamar kuɗin waƙarsu, don a nan ne masu bore suka saba faɗuwa.

Mafarinsu wani tsohon gida ne a karkarar Essex, kusa da Epping, mai suna Dial House, wanda tun ƙarshen shekarun 1960 Penny Rimbaud da Gee Vaucher suka mai da shi gidan kowa, a shigo a kwana a ci abin da aka noma a lambu. Rimbaud ya haura shekara talatin a lokacin, ɗan boko ne da ya taɓa koyar da zane, kuma yana ɗauke da ciwon mutuwar abokinsa Wally Hope, wanda ya rasu a 1975 bayan an tsare shi a asibitin masu taɓin hankali. Rimbaud ya ɗora alhakin a kan hukuma. Steve Ignorant kuma matashi ne ɗan talakawa da ya ga wasan The Clash a Bristol ya dawo da niyyar kafa tasa ƙungiyar. Rimbaud ya kama ganga, Ignorant ya kama makirufo, sauran 'yan gidan suka shigo daga baya. Aƙidarsu ita ce a zauna ba gwamnati, ba soja, ba shugaba, kuma ba tare da zub da jini ba.

Faifansu na farko, The Feeding of the 5000, ya fito a 1978 a hannun wani ƙaramin kamfani, Small Wonder. Nan take aka samu matsala. Ma'aikatan masana'antar buga faifai a Ailan suka ƙi taɓa waƙar farko, domin ta yi ɓatanci ga Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Crass suka cire ta, suka bar gurbin shiru na kusan minti biyu, suka sa masa sunan da ke nufin sautin 'yancin faɗin albarkacin baki. Ban ga laifin ma'aikatan ba. Wanda ke wa'azin cewa kada a tilasta wa kowa bai kamata ya ji haushi don lebura ya ce hannunsa ba zai buga abin da ke zagin addininsa ba. Kuma waƙar ba ta ƙara wa hujjarsu komai ba, sai dai ta jawo musu 'yan sandan Scotland Yard.

Amma darasin da suka ɗauka daga rikicin shi ne ya canza tarihinsu. Sun gane cewa muddin wani ne ke biyan kuɗin buga faifanka, shi zai yanke abin da za ka faɗa, abin da duk wanda ya san mawaƙin da ubangidansa ya saya wa mota ba ya bukatar a yi masa bayani. Sai suka buɗe Crass Records, suna naɗa a ɗakin naɗin sauti na John Loder, wato Southern Studios da ke Landan. Suka fara buga farashi a bangon kowane faifai, da gargaɗin kada mai saye ya biya fiye da haka. Ƙaramin faifai na farko kwabo 45 na kuɗin Ingila. Stations of the Crass na 1979, mai faifai biyu a kwali ɗaya, fam uku. Mai kanti ba shi da damar ƙarawa, don yaron da ya zo saye yana ganin farashin da idonsa. Kwalin ma ana warware shi ya zama babbar takarda cike da zanen Gee Vaucher da kalmomin waƙoƙin da bayanai a kan makaman nukiliya. Ba sa talla, gidajen rediyo ba su cika sa su ba, amma faifan na tafiya. Da kuɗi ya shigo, suka riƙa fitar da faifan wasu ƙananan ƙungiyoyi irin su Conflict da Flux of Pink Indians da Zounds. Ribar faifan da suka haɗa da ƙungiyar Poison Girls a 1980 ta tafi wajen buɗe wata cibiyar masu irin aƙidarsu a unguwar Wapping da ke Landan.

Waƙoƙin kansu fa? Gaskiya sauraronsu aiki ne. Ganga kamar ta fareti, jita kamar ana yagar kwano, kalmomi a guje har ba ka kama su sai da takarda a hannu. Faifai na uku, na 1981, wanda sunansa ba ya faɗuwa a gaban surukai, shi ya fi daɗin ji kuma ya fi zurfi. Steve Ignorant ya koma gefe, matan ƙungiyar Eve Libertine da Joy De Vivre suka rera shi gaba ɗaya, a kan yadda ake mai da mace haja, a fagen da maza suka cika. A jikinsa ne suka yi wa wata mujallar soyayya ta 'yan mata, Loving, wayo: suka ba ta wata waƙar aure mai zaƙin ƙarya da sunan wani kamfani na bogi, mujallar ta raba wa masu karatunta kafin ta gano su wane ne.

Faifansu na gaba, Christ – The Album, ya ci musu lokaci mai tsawo, kafin ya fito a 1982 firaministar Birtaniya ta lokacin Margaret Thatcher ta riga ta yi yaƙin tsibiran Falkland da Ajantina ta gama. Sun ji kunyar cewa suna ɗakin naɗi suna gyaran sauti duniya ta wuce su. Daga nan suka koma martani da zafi-zafi. Waƙar da suka yi wa Thatcher a kan waɗanda suka mutu a yaƙin ta sa ɗan majalisa Tim Eggar ya nemi a gurfanar da su, bai yi nasara ba. Sannan suka yanyanka muryoyin Thatcher da shugaban Amurka na lokacin Ronald Reagan suka haɗa kaset kamar hirar waya ce ta sirri, har jami'an Amurka suka zargi hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB. Jaridar Observer ce ta tona a farkon 1984 cewa aikin 'yan wani gida ne a ƙauyen Essex. Masoyansu na alfahari da wannan. Ni ban ga abin alfahari ba a ƙirƙirar muryar mutum da abin da bai faɗa ba, ko da mutumin Thatcher ce, musamman daga masu zargin gwamnati da ƙarya.

Akwai kuma tarkon da ba su tsallake ba. Sun sa baƙaƙen kaya don kada a ware tauraro a cikinsu, sai dubban matasa suka mai da baƙaƙen kayan yunifom. Suna cewa kada a bi kowa, jama'a na jiran su faɗi abin da za a yi. Arhar faifan ma ta yiwu ne don suna zaune gida ɗaya suna cin kayan lambu, tsarin da mawaƙi mai iyali da kuɗin haya ba zai iya kwaikwayo ba.

Tun farko lambobin da ke jikin faifansu suna ƙirga shekarun da suka rage zuwa 1984, shekarar da suka ce za su daina, kuma sun daina. Wasansu na ƙarshe a Aberdare ne, a yankin Wales, a watan Yuli na shekarar, don tallafa wa ma'aikatan haƙar kwal da ke yajin aiki. Da aka zo sake fitar da tsofaffin faifan a 2010, tsoffin 'yan ƙungiyar sun yi saɓani mai zafi a kan wa ke da ikon yanke hukunci a kansu.