Sai an ɗauke wuta muke tunawa da sama

Daren jiya aka ɗauke mana wuta a Gwammaja, zafi ya koro mu saman bene ni da ɗan ƙanwata mai shekara goma. Damina ta wuce, hazo bai sauko ba tukuna, sama tangaran. Yaron ya nuna wani ɗan cincirindo ta gabas ya ce, "Kawu, waɗancan me ya sa suka cure wuri ɗaya?" Na ce ai Kaza da 'Ya'yanta ke nan, wadda Larabawa ke kira Surayya. Ya ce, "To mene ne a bayansu?"

Kafin in buɗe baki, wani maƙwabcinmu da ke shan iska a nasa benen ya jefo baki: "Malam, kar ka koya wa yaro bokanci." Maganar nan ce ta hana ni barci.

Mu a garin nan sai azumi ko salla sun gabato muke ɗaga kai neman jinjirin wata. Da an ce ilmin taurari, sai hankalinmu ya tafi ga mai duba da bugun ƙasa. Alhali falaki daban, duba daban. Falaki awo ne da lissafi, kuma malaman Musulunci sun yi zarra a cikinsa. Abdurrahman al-Sufi, a shekarar 964, ya rubuta cewa akwai wani "ɗan gajimare" a wani sashe na sama. Sai a wajajen 1924 Edwin Hubble a Amurka ya tabbatar da cewa gajimaren nan gari guda ne na taurari, can waje da namu. Shi ne Andiromeda.

Ga abin da na faɗa wa yaron. Rana tauraruwa ce, kusanci ne ya sa ta fi saura girma a idonmu. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150, haskenta na iso mu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu. Shi kuwa haske kilomita 300,000 yake shafewa a daƙiƙa guda, wato Kano zuwa Legas kamar sau 300 kafin ka ƙifta ido sau biyu. Duk da wannan gudu, hasken tauraruwar da ta fi kusa da mu bayan rana sai ya shekara huɗu da ɗoriya a hanya. Na Kaza da 'Ya'yanta da muka gani jiya ya baro gida sama da shekara 400 da suka wuce, tun zamanin sarakunan Haɓe, Dabo ko haihuwarsa ba a yi ba. Nan yaron ya yi shiru, ni ma haka.

Zara kuwa, da muke wa kirari matar wata, ba ma tauraruwa ba ce. Duniya ce cikin takwas ɗin da ke kewaya rana, hasken aro take ado da shi. Kuma ba ranarmu kaɗai ke da irin wannan iyali ba. Tun 1995 da wasu masana biyu 'yan Suwizalan suka gano duniya tana kewaya wata tauraruwa mai kama da rana, an tabbatar da sama da 5,000.

Inda ya fi burge ni shi ne nebula. Gajimare ne na iskar haidirojin da ƙura, faɗinsa ya wuce misali. Ƙarfin janyowa ke tattaro shi sannu a hankali, kamar mai cura fura, yana dunƙulewa yana zafi, har cikinsa ya kama ci da kansa. Tauraruwa ta samu ke nan. Ɓurɓushin da ya rage a gefe shi ke zama duniyoyi. Haka tamu ta samu, kimanin shekara biliyan huɗu da rabi da suka shige. Kuma ba sai da na'ura ba: idan dare ya yi nisa, nemi taurarin nan uku da suka jeru reras, ka duba gefensu, za ka ga wani ɗan dishi-dishi. Nebular Oriyon ce, haskenta sai ya haura shekara 1,300 a hanya kafin ya iso mu, kuma har gobe ana haihuwar taurari a cikinta.

Dukkan waɗannan, ban da Andiromeda, a cikin galaksi ɗaya suke, wato garin taurarinmu, farin zanen nan da ke ratsa sama wanda sai ka fita wajen gari kake ganinsa sosai. Taurarinsa aƙalla biliyan 100. Ka ƙirga ɗaya duk daƙiƙa, ba ci ba barci, za ka haura shekara 3,000 ba ka gama ba.

Ni dai ban ga abin da ke raunana imani a nan ba. Mu da ake ta umartar mu da tunani a kan halittar sammai da ƙasa, mu ne kuma ke toshe bakin yaro idan ya tambaya? Muna da Dutsen Dala, muna da Goron Dutse, muna da malaman fiziks a Jami'ar Bayero. Me zai hana ko sau ɗaya a zango a hau da 'yan firamare da madubin hangen nesa guda ɗaya tak?

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka kawo wuta, unguwa ta ɗauki ihu, fitilu suka shafe rabin taurarin. Yaron na sauka yana cewa, "Kawu, Allah ya sa gobe ma a ɗauke."