Wai yaro ba ya hawan jini, inji wa?

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Ƙanena shekararsa 21, zaman shago yake a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, wata uku kenan yana fama da ciwon kai ta ƙeya, in yamma ta yi sai ka ga ya dafe kai kamar zai cire shi. Sau uku muna zuwa wani asibiti a nan unguwarmu, sau uku suna karɓar kuɗin kati, kuma kullum maganin maleriya da farasitamol ne. A zuwa na ukun na ce sista don Allah ki ɗan auna masa BP (awon hawan jini) mana, ko ɗagowa daga kan wayarta ba ta yi ba ta ce "Malam, wannan ɗan yaron wane hawan jini, mata huɗu gare shi ko bashi ake binsa?" Da na nace sai ta ce ai batirin na'urar ya mutu. Batiri fa jama'a, fisabilillahi!

Jiya wata Hajiya maƙwabciyarmu da ta yi ritaya daga aikin jinya ta ce in kawo shi. Ta zaunar da shi minti 5, baya a jingine, hannu kan tebur daidai ƙirji, ta tambaya ko ya ci goro ko ya sha shayi, sannan ta ɗaura masa. 156/98. Ta sake, kusan haka. Ta ce "Ɗana, awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita, amma ku je a duba fitsari da ƙoda, don a shekarunsa ƙoda na iya jawo wannan."

Abin da ke ci min rai shi ne jinin nan ba dare ɗaya yake hawa ba. Tun daga balaga, yaro na ƙara tsawo da nauyi lambar saman awon jinin tana ɗagawa, na samari ya fi na 'yan mata tashi, kuma wanda nasa ya ɗara na sa'anninsa yana ɗan 15 galibi da shi yake shiga ashirin da wani abu. Likitocin yara a Amurka tun 2017 suka ce daga shekara 13 a ɗauki 130/80 a matsayin hawa, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) kuma ga manya 140/90 take cewa, to yaron nan duka ya wuce su amma ana ce min yaro ne. Ya gama firamare ya gama sakandare ba wanda ya taɓa ɗaura masa abin nan a hannu.

Kuma ko tambaya ɗaya ba su yi ba. Da sun tambaya da sun ji Babanmu hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, da sun ji yaron kullum indomi ne wajen mai shayi an zuba maggi a kan nata sinadarin, alhali gishirin da WHO ta ce kar a kai shi a yini giram 5 ne, kusan ƙaramin cokali ɗaya, ga lemon ƙarin kuzari a shago, ga dikulofenak da yake saye a kemis saboda ciwon kan, wanda shi ma ɗaga jinin yake.

Gobe ana idar da asuba za mu tari adaidaita mu je mu kama layi a babban asibiti, takardar da Hajiya ta rubuta lambobin tana aljihuna, kuma wallahi ba zan tashi daga bencin nan ba sai an auna shi a gabana.