Ɗan'uwa, zauna da littafinka duk wata uku

Duk farkon shekara sai ka ga matasanmu sun cika Facebook da alkawura: bana zan buɗe shago, bana zan ƙara keken ɗinki. Kafin Maris ya ƙare an manta. Ba lalaci ne kaɗai ke jawo haka ba. Shekara ce ta yi tsawo, mutum yana ganin da sauran lokaci har Disamba ta riske shi hannu Rabbana.

Raba ta gida huɗu. Wata uku mako 13 ne, ya isa aiki ya nuna, kuma bai kai a manta ba. Da irin wannan tsari Andy Grove ya tafiyar da kamfanin Intel a shekarun 1970, John Doerr kuma ya kai shi Google a 1999: a ɗauki buri kaɗan, kowanne da ma'aunin da za a iya ƙirgawa, a dawo a duba. Ba sai kana da ofis ba.

A ce kai mai POS ne. "Ina son kasuwa ta buɗe" addu'a ce, kuma muna yin ta, amma ba a auna ta. Rubuta cewa daga Janairu zuwa Maris za ka ƙara naira dubu 50 a kan uwar kuɗi, kuma za ka karɓo rabin bashin da ke waje. Biyun nan sun isa. Mai jera buri goma, wallahi ba ya cika ko ɗaya.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ranar dubawa, kuma nan ne abin yake damuna. Sa mata rana tun yanzu. Rufe shago da wuri, ɗauko littafin, ƙirga abin da ke aljihun tebur da na asusun banki, cire cajin da aka yanke, cire abin da ka zara don cefane da anko. Sau da yawa sai a nan mutum yake gane cewa jarinsa yake ci yana kiran sa riba. Sayyidina Umar ya ce ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku hisabi. Maganar lahira yake yi, amma wanda ya saba da ita ba zai ji tsoron littafin shagonsa ba.

In ba ka kai ba, kada ka ce kawai kasuwa ce. Nemo dalilin: tsadar kaya ce, ko bashin abokai, ko kai ne kake buɗewa ƙarfe 11? Kira maigidanka ko wani yayanka da ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya, ka buɗe masa littafin, sannan ku rubuta na Afrilu zuwa Yuni tare.